Ranar da Maƙwabta Suka Nome Gonar Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen sare ciyawar gefen titi. Lebura ne a ma'aikatar gyaran hanyoyi. Da safe a kwashe su a bayan babbar mota, a riƙa sauke su bibbiyu a kan hanyar da ta fita gari, kowa da addarsa da gorar ruwansa, sai la'asar a bi a tsince su. Shi ya sa a unguwarmu ba mai kiransa da wani suna sai Mai Adda, har yaran da aka haifa bayan ya ajiye aikin. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda yawan sara. Ba ya son dogon zance, kuma ba ya son a taya shi abin da bai nema ba.

A wurin wannan aiki ya haɗu da waken. A gangaren wata gada akwai wani yaɗo da ya hana leburori sakat. In rani ya tsananta, komai na gefen kwalta ya bushe ƙurmus, shi yana nan kore shar. A sare shi yau, kafin wata ya zagayo ya sake rufe wurin, shugabansu ya zo ya ce ba su yi aiki ba. Wata rana haushi ya sa Kawu ya ce sai ya ga bayansa. Ya haƙa da bakin adda har hannunsa ya nutse, sai ya zaro saiwa mai kauri kamar ƙaramin rogo. A jikin yaɗon kuma ga 'yan kwasfa sirara masu gashi, cike da ƙwayoyi baƙaƙe da ba su fi kashin ɓera ba. Wata tsohuwa mai kiwon awaki da ke wucewa ta ce masa waken daji ne, a shekarar yunwa sun gasa saiwar sun ci, ba wanda ya mutu. Kawu ya tsinki kwasfa ya zuba a aljihu. Kafin ya iso gida duk sun fashe, aljihun ya cika da ƙwaya da ɓawo.

Gonar da ya gada ta gaji. Masarar da ake cirewa a cikinta kowace shekara raguwa take yi, takin zamani kuwa yau akwai gobe babu. Tunanin Kawu bai wuce wannan ba: abin da ke rayuwa a gefen kwalta ba ruwa ba taki, in ya yarda ya zauna a gona, ai an samu abokin zama. Ganyen na dabbobi, saiwa da ƙwaya na mutane, ƙasa kuma ta samu mayafi da rani maimakon iska ta yi ta kwasarta. Sai dai waken daji ba don mutum yake haihuwa ba. Da kwasfar ta bushe, rana ta taɓa ta, sai ta murɗe ta fashe ta watsar da 'ya'yanta ko'ina. Manomi ya zo girbi ya tarar da ɓawo.

Kawu ya ware wani ɗan fili a bayan ɗakinsa, cikin katanga, ya shuka abin da ya kawo. Da kaka, idan kwasfa ta fara bushewa, da tsakar rana lokacin da kowa ke neman inuwa, shi sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya zauna a tsakiyar filin, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma a ka, ya kasa kunne. Ƙas! nan. Ƙas! can. Duk gindin da ya ji ya yi ƙara, ya fita harkarsa. Wanda kuwa ya kwana biyu yana shiru alhali kwasfarsa ta bushe, sai ya ɗaura masa ƙyalle. Irin masu ƙyalle kaɗai yake ajiyewa don baɗi. A cikinsu ma yakan zauna ya tsince manya, ya ɗan gutsura, mai ɗaci ya tofar. Bayan girbi kuma ya tone saiwoyin kaf, a gasa a ci, don kada tsofaffi su toho su gauraya da sababbi. A shekarar farko ƙyalle biyu ko uku ya ɗaura. Haka ya yi ta yi, shekara na bin shekara, har suka haura goma.

Ƙyallayen daga shagon Tela yake samo su. Tela abokinsa ne tun suna yara, dogo siriri, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. In Kawu ya je tsintar guntayen yadi a ƙarƙashin keken ɗinki, sai Tela ya ɗaga murya don na waje su ji.

"Mai Adda, yaya ɗalibanka? Sun fara jin magana?"

"Tarbiyya ba ta son gaggawa."

"To in sun gama firamare ka faɗa mini, in ɗinka musu kayan makaranta."

Inna, matar Kawu, ita ma ba ta raga masa. Takan ce, "Duniya kowa korar ciyawa yake daga gona, ni nawa mijin shimfiɗa yake mata." Amma ita ke sake jiƙa masa tsumman in ya bushe, ita ce kuma ke zama da tsumagiya tana gadin kaji a kwanakin da aka yi shuka.

Ni a makare na shigo labarin. Na gama jami'a, na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya buɗe baki. Mahaifiyata ta ce in je in zauna wurin Kawu tunda 'ya'yansa duk sun yi nisa, ko ruwa na riƙa ɗebo masa. Tarihi na karanta, ban san komai game da shuka ba. Ya laƙaba mini Digiri, unguwa ta ɗauka.

A daminar da ta wuce ne ya ce lokaci ya yi. A kakar da ta gabace ta kusan duk filin ya yi shiru, ƙwayar ta ninka girmanta, launinta ya koma ruwan ƙasa, ɗacin ya tafi saura kaɗan. Duk irin bai cika kwano ba. Muka zauna a zaure muna goga kowace ƙwaya a kan dutsen wasa adda, domin ɓawonta na da tauri, in ba a ɗan ji masa ciwo ba ruwa ba ya shiga. Kawu ya ce bana ba bayan ɗaki ba, babbar gona za a kai shi, a shuka tsakanin kunyoyin masara. Gonar na da nisa daga unguwa, sai mutum ya yi gumi kafin ya isa.

Inna ta ce, "Malam, ka rage ko cikin tafin hannu a gida."

"Na rage bara, ƙwari suka yi ƙiba da shi. Iri a gwangwani na ƙwari ne. Sai a ƙasa yake nawa."

Ya juyo gare ni. "Kai kuma Digiri, kada ka faɗa wa kowa. In ya yi, sa gani da idonsu. In bai yi ba, dariyar gida ta ishe ni, ba sai an bi ni da ita gona ba."

Muka shuka shi duka. Filin bayan ɗaki aka bar shi ya huta, ciyawar gaske ta cika shi. Waken kuwa ya fito da kyau, ganyensa ya fi na da faɗi, ya kama karan masara yana hawa. Kawu yakan tsaya a bakin gona ya riƙe ƙugu yana kallo, a hanyar dawowa kuma sai in ji yana 'yar waƙa a ciki-ciki.

Ana cikin haka rufin ɗakin girki ya fara yoyo. Na ce bari in hau, ya ce digiri ba ya riƙe guduma. Ya hau da kansa, tsanin ya zame da shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kwantar da shi a babban asibiti na cikin gari, a wani dogon ɗaki mai gadaje a jere da fanka ɗaya mai kukan tsufa, an rataye masa ƙafa da nauyi. Makonni muka yi ana jiran jininsa ya sauka kafin a yi masa aiki. Ni da Inna muna can, ba wanda ya leƙa gona. A ƙarshe likita ta sa ranar Lahadi, ta kuma ja mana kunne: kada wanda ya kawo masa labarin da zai tayar masa da hankali.

Ranar Asabar, rana ta take tsaka, na dawo gida ɗaukar wankakkun kaya. Sai na tarar da magidantan unguwa a inuwar ƙofar gidanmu, ƙafafunsu duk laka, fartanyu jingine da bango, ana miƙa wa juna kofin ruwa ana dariya. Ga Tela, ga Mahauci, ga Wanzami, ga malamin firamare, da wasu da dama.

Tela ya ce, "Digiri! Zo ka ɗauki albishir ka kai asibiti. Ka ce wa Mai Adda ya miƙe ƙafa ya yi barci, mun nome masa gona tas."

Na durƙusa zan yi godiya, Mahauci ya karɓe zancen. "Kai, ban taɓa ganin gonar da ciyawa ta ci haka ba. Wani ɗan banzan yaɗo ya nannaɗe masarar har wuya. Fartanya ma ba ta yi, da hannu muka riƙa tuge shi."

Tela ya daki ƙirji. "Amma ka gaya masa ɗalibansa na bayan ɗaki ko ganye ba a taɓa ba. Da kaina na tsaya, na ce duk wanda ya taɓa ciyawar Mai Adda, ni da shi ne."

Ban san lokacin da jakar hannuna ta faɗi ba. Kunnuwana suka toshe, na ga bakunansu na motsi ba na jin komai. Na zauna daɓas a ƙasa. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na zo wurin nan sai na ajiye biro na ɗan zagaya tsakar gida. Shekara goma da ɗoriya suna yi masa dariya, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi yadda ganyen yake. Ga manomi, duk abin da ya nannaɗe masara maƙiyi ne, hannunsa na tuge shi tun kafin kansa ya yi tunani. Kuma don ƙauna suka yi. Wasunsu sun bar nasu gonakin suna jiran noma.

Da ƙyar na ce, "Baba Tela, na bayan ɗaki ciyawa ce. Ɗaliban su ne a gona."

Tela ya cire hularsa ya riƙe.

"Duka?"

"Duka. Ko ƙwaya babu a gida."

Wanzami ya ce a hankali, "Garin neman gira."

Na ciro waya, na kira Inna, na faɗa mata cikin raɗa kamar Kawu na kusa da ni. Ashe fuskarta ta tona mu. Na ji muryarsa yana cewa, "Ba ni wayar nan." Na maimaita masa. Daga nan ba abin da nake ji sai kukan fankar ɗakin. Na tuna gargaɗin likita, na ce a raina shi ke nan, da bakina na kashe shi.

Can ya ce, "Digiri. Sarewa suka yi ko tugewa?"

"Tugewa, Kawu."

"Da saiwa?"

Na tambayi Mahauci. Ya ce ƙasa na da laushi, da saiwarsa yake fitowa, 'yan ƙanana kamar yatsu.

"Yana ina yanzu?"

Yana ko'ina. Kowa ya ɗauro dami a bayan keke ya kawo wa dabbobinsa.

Kawu ya ce, "To ku bi shi. In saiwa ba ta bushe ba, da sauran rai. Ku tattara ku mayar gona."

Sai na ji an fizge wayar. Inna ce. "Wace gona? Da wannan ranar, kafin a tattara a kai can ya zama harawa. Kai Digiri, ka ce in ji ni, duk inda aka same shi a nan za a binne shi, a ba shi ruwa."

Daga nesa Kawu na cewa, "A gidajen mutane? Ga awaki, ga yara, ga..."

"Kai dai kwanta, Malam. Mai ƙafa ɗaya a sama ba ya yanke hukunci."

Na faɗa musu saƙon. Tela, wanda tunda nake ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ya tattare riga ya zura da gudu, sauran suka watse kowa ya nufi gidansa.

Ni na bi Mahauci, don shi ya ɗauko dami mafi girma. Ragunansa sun riga sun gama da ganyen, sun koma kan kara. Wani ƙaton rago na tauna saiwa, rabi a baki rabi a waje. Mahauci ya kama ƙahonsa da hannu ɗaya, ya zura ɗayan ya zaro saiwar. Ragon ya ja da baya ya tunkuye shi, ya faɗa zaune cikin kwatamin ruwansu. Ya miƙe yana ɗiga, saiwar na hannunsa, ya nuna ragon da yatsa.

"Bari kawai. Ni da kai akwai ranar haɗuwa."

Matarsa ta fito tana tambayar ko lafiya. Da ta ji, sai ta mirgino wata tsohuwar tayar mota daga bayan ɗaki, ta cika ta da ƙasa da hannunta.

A gidan Wanzami an shanya nasu a kan rufin kwano don ya bushe. Na hau na kwaso, kwanon ya ƙona mini tafin hannu, saiwoyin sun yi laushi kamar an dafa. Muka binne su duk da haka. A gidan malamin firamare zomaye ne, su kuwa saiwar suka fara cinyewa suka bar ganyen. Ya tsaya a gaban kejin yana yi musu faɗa kamar 'yan aji. Wata tsohuwa mai sayar da itace, da muke kira Kaka, ita ce ta fi kowa sa'a: jikanta ya kawo mata dami, amma awakinta na zawo, sai ta cusa shi cikin jiƙaƙƙen buhu ta ajiye a inuwa don gobe. Da muka zazzage buhun, kamar yanzu aka tuge shi.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka fito da fasassun robobi, da buhunan siminti, da tukwanen da suka huje. Aka haƙa gindin bango, aka haƙa bakin rariyar wanka, aka haƙa gefen turken awaki aka kewaye da ƙaya. Na sake kiran asibiti, Kawu ya ce a datse yaɗon a bar kamar taƙi ɗaya, don saiwar ba za ta iya ɗaukar nauyin ganye ba. Tela ya koma shago ya ɗauko babban almakashinsa na yankan yadi, wanda ko ɗansa bai isa ya taɓa ba, ya riƙa bi gida-gida yana datsa. Nasa rabon a ƙofar shago ya binne shi, inda kowa zai gani.

Da muka gama na zagaya na duba. 'Yan guntayen kara ne a tsaye cikin laka, wasu ma sun kwanta. Gaskiya ban sa rai ba. Na wanke hannuna na koma asibiti da kayan da na zo ɗauka.

Washegari, ana tura Kawu ɗakin tiyata, ya riƙo hannun rigata. Na sunkuya ina zaton wasiyya ce.

"Ka ce kada su cika masa ruwa. Ɗan gefen titi ne, gata kashe shi yake."

Aikin ya yi kyau. Sai da ya kwana biyu da farfaɗowa sannan Tela ya iya zuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, ya ƙi ƙarasowa.

"Mai Adda, na zo ka zage ni."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. "Masarar fa?"

"Ta yi kyau. Ta sha iska."

"To ka iya noma. Hankali ne dai Allah bai ba ka ba."

"Da ka faɗa mana, ai da ba a yi haka ba."

"Da na faɗa," in ji Kawu. Ya nuna masa kujera. "Zauna, tsayinka na tare mini iskar fanka."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kowace safiya kafin in tafi asibiti sai na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in durƙusa in duba, in tashi. Karan sai ƙara bushewa yake yi. In Kawu ya dube ni sai in ce da sauƙi, shi kuma ya san ƙarya nake, bai tambaya ba. Wata safiya ina alwala sai ga matar Mahauci ta faɗo gidanmu ko mayafi ba ta gyara ba.

"Digiri, zo ka gani! Tayata ta haihu!"

A gindin busasshen karan, daga cikin ƙasa, ga wani ɗan toho ya leƙo, ganye biyu a naɗe. Na zauna a gefen tayar na yi kuka, ba kunyar kowa. Kafin mako ya zagayo, na gidan Kaka suka biyo baya kusan gaba ɗaya, sai na ƙofar shagon Tela, sai nan, sai can. Wayar Inna ta koma kamar ta ofis. Kowa so yake a gaya wa Mai Adda nasa ya fi na maƙwabcinsa ganye.

Fiye da rabi ba su tashi ba. Na Wanzami duk sun ruɓe, sai da ya je ya roƙi Kaka ta ba shi gindi biyu, ta ba shi bayan ta sa ya aske jikokinta. Akwai kuma wani gindi da Kawu ya fi sa wa ido a gona, mai saurin yaɗo da ganye mai duhu, wanda ya yi ta kwatanta mini. Ban same shi a gidan kowa ba. Ina zaton yana cikin abin da zomaye suka ci.

Da aka sallamo Kawu da sanduna biyu, bai yarda ya fara shiga gida ba sai da ya zagaya. Muka bi lungu-lungu a hankali, yara na biye da mu. Waken ya hau katangu, ya hau igiyar shanya, a gidan Kaka ya rufe ɗakin girki. Abin da Kawu bai taɓa samun damar gani ba a ɗan filinsa, ranar ya gani. Na bakin rariya sun yi ganye kamar me, amma fure kaɗan. Na cikin taya da buhun siminti, da ke shan rana a kan tsakuwa, su ne suka cika da kwasfa. Ya riƙa tsayawa yana tambayar matan gida sau nawa suke ba shi ruwa, wace ƙasa suka zuba, su kuma suna amsawa har da gardama. Matan da a da in sun gan shi zaune cikin rana suke cewa Allah ya sawwaƙe, yanzu su ke gaya masa wane ƙwaro ke cin furen da safe.

Malamar gona ta yankinmu ta ji labari ta zo a kan babur. Ta duba, ta ɗanɗana dafaffen, ta ɗibi kaɗan a leda ta ce za ta aika a auna, kuma kada mu yi ta raba wa duniya kafin sakamako ya dawo. Kawu ya ce shekara goma yana ci bai mutu ba. Ta ce cikin Mai Adda ba awo ba ne. Suka yi ta ja har inuwa ta juya, a ƙarshe ya yarda, ta tafi da alkawarin za ta dawo da damina ta ga yadda yake zama da masara.

Da kaka ta yi, Kawu ya aika gida-gida cewa kowa ya kawo masa irin da ya girbe. Aka yi ta shigowa da kofuna da kwanoni da ƙullin leda, Inna na juyewa a babban baho a tsakar gida. Abin da muka shuka bai cika kwano ba, abin da ya dawo ya kusa cika baho, bayan duk asarar da aka yi. Kawu ya zura hannu a ciki har wuyan hannu, ya ɗebo, ya bari yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

Inna ce ta lura. Ta dubi kofin matar Mahauci ta ce, "'Yar nan, tayar da na gani ta fi ƙarfin kofin nan."

Matar Mahauci ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Rabi na kawo, Inna. Rabin nawa ne. Ni na yi yaƙi da raguna, ni na ba shi ruwan wankin shinkafa."

Ashe kowa haka ya yi. Kaka ta ce nata rabin yana cikin kwalba da toka, ƙwaron da zai ci sai ya fara cin ta. Kawu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Za ku ɓata mini iri! Ku shuka mai kyau da maras kyau, ku mayar da ni gefen gada!"

Tela ya gyara zama a kan turmi. "Mai Adda, iri a gona ɗaya, safiya ɗaya ta ishe shi. Mu muka gwada, mun gani. Yanzu wanda zai ƙarar da shi sai ya shiga gida ashirin, kuma sai ya wuce ta gaban Kaka."

Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya daɗe yana juya maganar, sannan ya ce, "To gobe da hantsi kowa ya zo da nasa rabin, in nuna muku yadda ake zaɓe. Wanda bai zo ba ya dawo mini da kayana."

Washegari sai da muka aro bencuna daga makaranta.

Ƙafar Kawu ba za ta koma daidai ba, likita ta faɗa mana. Tafiyar gona da ƙafa ta ƙare masa. Ni kuma har yau ban samu aiki ba, kuma ba na iya barin mai keke ya wuce ni da damin ciyawa ban bi shi da ido ba, wani lokaci har in tsayar da shi in duba. Amma gonaki da dama a bayan unguwarmu an riga an ware musu kunyoyin waken Mai Adda, ana jiran ruwa.

Jiya Tela ya leƙo zaure ya same mu muna gyaran ƙotar fartanya.

"Mai Adda, noman bana fa? Mu zo, ko an kore mu?"

"Ku zo," in ji Kawu. "Amma ina bakin gona a zaune, ko a baro ne sai an tura ni."

Tela ya juya ya ƙwala wa Mahauci kira ta kan katanga, ya ce ya wanke baronsa na ɗaukar nama, an samu fasinja.